Idan Mutuwa Ta Sami Baƙo a Abijan

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Ina gaida mutanen Adjamé, daga bakin tasha har Williamsville. Ina gaida na Treichville, masu kwana da jiniyar jiragen ruwa a kunne. Ina gaida 'yan garba da suka tashi tun asuba suna suyar kifi, da mahauta, da masu gadin da suka kwana a zaune, yanzu suke neman wurin miƙe baya. Iyayenmu mata na zumunta, ina kwananku, ina gajiya?

Maganar yau mai nauyi ce. Da Kirista mai jin Hausa nake yin ta, amma kada maƙwabcinsa Musulmi ya murɗe rediyo, domin sau da yawa shi ne yake fara ƙwanƙwasa ƙofa in abin ya faru. Magana ce ta rashi a baƙon wuri, da wahalar da take biyo baya, da inda mai bi yake samo ƙarfin da zai tashi da safe ya buɗe rumfarsa.

Kirista mai jin Hausa a wannan birni baƙo ne sau biyu. A unguwa, in an ji sunansa Ishaku ko Haruna ko Saratu, ɗauka ake yi ɗan masallaci ne, sai ranar Lahadi a ga ya ɗauki Littafi ya fita. A majami'a kuwa wa'azi da Faransanci ne, waƙa da Baule ko Ebiriye, shi kuma addu'ar da take fitowa daga cikinsa ta Hausa ce. Wasu daga Maraɗi suka zo, daga Tsibiri, daga Galmi, daga Dogon Dutse. Wasu daga Wusasa ta Zariya, ko Malumfashi, ko Jos da kudancin Kaduna, inda ake sujada da Hausa tun kaka da kakanni. A ranar daɗi wannan baƙunta ba ta ciwo. Ranar da aka bugo waya daga gida aka ce tsohuwa ta cika, ko ranar da aka fito da kai daga ɗakin jinya a babban asibitin Treichville aka ce ka yi haƙuri, ran nan kake sanin nisan da ke tsakaninka da ƙofar gidan ubanka.

A gida shekara tana da tsari. Bazara ta gasa ka, damina ta sauka, kaka ta zo da sabon gero, ɗari ya biyo. Manomi ya san in ya daure wannan, wancan na tafe. Nan Abijan ruwa sau biyu yake zuwa. Babbar damina ta kama daga wajen Afrilu zuwa Yuli, Yuni ne tsakiyarta. Sai a sami sarari a Agusta da Satumba, har ka ce an gama, sai ga shi ya komo a Oktoba da Nuwamba. To, baƙin ciki ya fi kama da ruwan Abijan bisa ga daminar gida. Wata uku bayan jana'iza kana dariya a kasuwa, kana tsammanin ka warke, sai ka ji wani ya yi tari irin na marigayi a bayan motar haya ta gbaka, komai ya dawo sabo. Duk wanda wannan ya same shi, kada ya ce bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Haka abin yake tafiya.

Shi kansa birnin ya ga lokatai. Dattawanmu suna tuna zamanin da aka gama haƙa mashigin Vridi a 1950, jiragen teku suka fara shigowa har cikin tafki, aka buɗe gadar Houphouët-Boigny a 1957. Kuɗin koko da kofi ya cika gari, saurayi ya zo da hannu biyu ya koma gida da keke da rediyo da akwatin atamfa. Sannan farashin koko ya faɗi a shekarun 1980. Wani bincike da aka buga a 1990 ya nuna ƙanjamau ce ta fi kowace cuta kashe manyan maza a Abijan, gidaje da yawa kuwa suka binne 'ya'yansu ba su iya faɗin sunan ciwon ba. Tsoho Houphouët, shugaban ƙasa, ya rasu ranar 7 ga Disamba 1993, bayan wata guda aka karya darajar sefa da rabi, a Janairun 1994, mutum ya kwana da jarinsa ya wayi gari da rabinsa. Tawaye ya ɓarke ranar 19 ga Satumba 2002, ƙasa ta rabu biyu, hanyar arewa ta Bouaké da muke bi zuwa gida ta koma hanyar shinge bayan shinge. Rikicin bayan zaɓe na 2010 zuwa 2011 ya ci rayuka kimanin 3,000. A wasu shingayen cikin gari, sunanka da kamanninka da rigarka su ne takardarka, kuma ba wanda ya tsaya tambayar Ishaku ko majami'a yake zuwa. An taɓa masallatai, an taɓa majami'u. Ko a 2024, mun ga katafila ta shiga Gesco da Boribana da wani sashe na tsohon ƙauyen Adjamé, mutane suna tsintar kwanon rufi a cikin ɓaraguzai. Wanda ya yi shekara talatin a garin nan ya san rashi iri-iri, ba na mutuwa kaɗai ba.

(Gajeren kiɗa)

Bari mu fara da kwanakin farko, don a nan ake yawan yin ɓarna.

Mu a al'adarmu, mutum ya cika da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, a shimfiɗa tabarmi a zauna karɓar gaisuwa. Kiristocin ƙasar Hausa ma ba su yi nisa da wannan ba, kwana ɗaya ko biyu ne don dangi su iso. Nan kudancin Kwaddibuwa kuwa, kun sani, gawa tana iya yin makonni a ɗakin sanyi. A yi taron dangi, a fitar da anko, a buga takardar sanarwa da hoton marigayi, daren Juma'a a kafa rumfuna a tare titi, mawaƙa su kwana suna yi. Gari ya waye a ɗauko gawa daga IVOSEP ta Treichville ko wani ɗakin ajiya, jerin motoci su nufi ƙauye. Sai Kiristanmu ya tsinci kansa a tsakiya. 'Yan majami'a suna cewa, ɗan'uwa, ai ba a binne mai bi kamar kaza. Dangi a waya suna cewa a kawo shi gida, ko a binne shi yau. Ita kuma matar tana zaune a ƙuryar ɗaki, ba wanda ya tambaye ta nawa ya rage a cikin gwangwani.

Me Littafi Mai Tsarki ya nuna? Ya nuna hanya fiye da ɗaya. Da Saratu ta rasu a Hebron, Ibrahim baƙo ne a ƙasar, ba shi da ko taki ɗaya nasa. Bai ɗauke ta ya koma Haran ba. Ya je wurin Hittiyawa ya sayi kogon Makfela a hannun Efron, shekel 400 na azurfa, ya binne matarsa a ƙasar baƙuncinsa. Yakubu kuwa ya roƙi a fitar da shi daga Masar, aka yi masa haka da babbar tawaga. Ƙasusuwan Yusufu sun jira tsararraki kafin a kai su Shekem. Musa, ba wanda ya san kabarinsa. Ubangiji Yesu kansa, a ranar da ya mutu aka sa shi a kabari kafin faɗuwar rana, kabarin ma na wani ne, Yusufu mutumin Arimatiya. Saboda haka wanda ya ce maka dole a kai gawa gida, ko dole a yi mako uku ana shiri, al'adarsa yake faɗa maka, kuma al'ada ba laifi ba ce, amma kada ya jingina ta ga Allah.

Ra'ayina, kuma na san wasu dattawa ba za su ji daɗinsa ba: daga nan zuwa Maraɗi ya haura kilomita 2,000, da iyakoki biyu a tsakani, da takardu, da mota ta musamman. In iyali suna da hali, Allah ya sa albarka. In kuwa sai an ci bashi, an sayar da firjin da matar take sana'ar ƙanƙara da shi, to ƙasar maƙabartar Williamsville ma ta Ubangiji ce. Wanda zai tā da matattu ba ya bukatar a rage masa hanya. Na ga jana'izar da aka yanka sa, aka ɗauko masu hoto, bayan wata biyu mai gida ya fitar da kayan marayu waje saboda kuɗin haya.

Sai dai kada mu raina maƙwabtanmu. Kwanan zaunen nan nasu yana da abin da za mu koya. Dare ne ya fi yi wa mai makoki tsawo, su kuwa ba sa barin sa shi kaɗai a daren. Mu ɗauki waƙar da zaman, mu bar gasar.

Yanzu kalmar da kowa yake kawowa a bakinsa: sai haƙuri. Gaisuwa ce mai kyau, ni ma ita nake yi. Amma akwai haƙurin da ake miƙa wa mutum don a taimake shi ɗaukar kaya, akwai wanda ake miƙa masa don ya yi shiru mu huta. Mace ta fara kuka, sai ka ji an ce, haba Maman Bitrus, ke da kike shugabar zumunta? Ina bangaskiyarki? Namiji kuwa ba a ma ba shi dama. Ya haɗiye, ya koma tasha washegari, bayan shekara a ce hawan jini.

Ku buɗe Littafinku. Akwai littafi guda sukutum, sura biyar, sunansa Makoki, kuka ne a kan Urushalima bayan da Babila ta rushe ta. Zabura ta 88 ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, babu juyawa zuwa yabo a ƙarshenta, kuma ba a cire ta daga Littafin ba. A Betanya, Li'azaru ya kwana huɗu a kabari kafin Yesu ya iso. Marta ta tarye shi da ƙorafin cewa ya makara, Maryamu ta zo ta maimaita masa ƙorafin. Bai tsawata wa ko ɗayarsu ba. Ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci, duk da haka ya tsaya cikin masu makoki hawaye suna zubo masa. In shi bai ga hawaye a matsayin rashin bangaskiya ba, wane ne dattijon ikilisiya da zai gani? Mai bi yana da izinin ya kai ƙararsa gaban Allah da kakkausar murya. Wanda yake yi wa Allah ƙorafi bai bar gidan ba tukuna, da Uban yake magana.

Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi abin kirki guda: sun zo daga nesa suka zauna da shi a ƙasa kwana bakwai, ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki ne suka ɓata. Suka shiga neman dalili, lalle akwai zunubin da ya ɓoye. A ƙarshen littafin su Allah ya yi fushi da su, Ayuba mai ƙorafi kuwa shi aka ce ya yi musu addu'a.

Abokan Ayuba suna nan Abijan, sun sake riga ne kawai. Yau tambayar ita ce, wa ya ci shi? Akwai masu kiran kansu annabawa, a ɗakunan addu'a na bayan layi, da za su karɓi kuɗin gwauruwa su ce mata an nuna musu: gwaggon mijin ce a ƙauye, ko maƙwabcin rumfarsa a kasuwa. Sai a sayar mata da mai da ruwa a kwalba. Ta shigo da ciwo ɗaya, ta fita da biyu, don yanzu ta rasa miji ta kuma rasa danginsa. 'Yan'uwa, zazzaɓin cizon sauro yana kisa. Hawan jini da ba a auna ba yana kisa. Direban gbaka da ya kwana bai yi barci ba yana kisa. A Yunin 2018 ruwan dare ɗaya ya ci kimanin mutum 20 a birnin nan, kuma in damina ta yi ƙarfi gangaren Attécoubé yakan zaftare a kan masu barci. Ba don sun fi na Cocody zunubi ba ne, don a nan ne kuɗinsu ya isa su kama ɗaki. An taɓa kawo wa Yesu irin wannan magana, ya ɗauko labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Fasto na gari ba ya ba ka sunan maƙiyi. Yana raka ka asibiti a auna jinin yaran da suka rage.

(Kiɗa)

Akwai wata mata a cikin Littafi da nake ganin da za ta sauka a tashar Adjamé yau, ba za a yi mata bayanin komai ba. Na'omi ce, mutuniyar Baitalami. Yunwa ce ta kore su, ita da mijinta Elimelek da 'ya'yansu maza biyu, suka tafi cin rani ƙasar Mowab, kamar yadda fari ya koro iyayen wasunmu zuwa bakin teku a 1973 da 1984. Cin rani ya zama zama. Mijin ya mutu a can. 'Ya'yan suka auri 'yan ƙasar, aka yi wajen shekara goma, su ma suka mutu, ba jika ko ɗaya. Tsohuwa ta rage da surukai biyu, baƙi gare ta, a ƙasar da ba tata ba.

Ku lura da yadda ta koma gida. Ba ta shiga gari tana ba da shaida ba. Matan Baitalami suka fito suna tambaya ko ita ce, ta ce kada ma su kira ta da sunanta na dā, ta ce da hannu cike ta fita, ga ta ta dawo wayam, kuma ta ɗora abin a kan Allah kai tsaye. Wannan ita ce kunyar da ta hana mutane da yawa a cikinmu komawa. Kowa ya bar gida gida ya bar shi, balle ka koma ba akwati, ba miji, ba ɗa. Littafin bai goge maganarta ba, bai kuma yi mata gyara ba.

Amma tana wannan magana, akwai wadda take tsaye a gefenta. Rut ce, Bamowabiya, wadda ba danginta ba, ba yarenta ba, ba ta taso cikin addininta ba. An ce mata ta koma gidan uwarta, ta ƙi. Na'omi tana cewa ba ta da kowa, alhali amsar addu'arta tana riƙe da ƙunshin kayanta. Sun iso a farkon girbin sha'ir. Babu mala'ika a labarin nan, babu wani abin al'ajabi. Akwai yarinya da ta tafi kala a gonar mutane tun safe, akwai mai gona, Bo'aza, da ya ce wa ma'aikatansa su riƙa zubar da zangarniya da gangan kuma kada wanda ya taɓa ta, akwai shari'ar fansa da aka yi a ƙofar gari gaban dattawa goma. Abinci, kariya, takarda. Da waɗannan Allah ya yi aikinsa. A ƙarshe aka ɗora wa tsohuwa jariri a cinya, Obida, kakan sarki Dawuda. Elimelek bai dawo ba, 'ya'yanta ba su dawo ba. An ba ta wani abu ne da za ta rayu dominsa, ba a maye mata gurbin waɗanda ta rasa ba, kuma mai gaisuwa ya kiyaye wannan bambanci. Kada ka ce wa uwar da ta binne ɗa Allah zai ba ta wani, sai ka ce tulu ta fasa.

Rut ɗinka a Abijan tana iya zama 'yar Baule mai sayar da aceke a ƙofar gidanku. Tana iya zama Alhajin da ya rufe shagonsa ya bi ku har maƙabarta, ya tsaya daga gefe har aka gama addu'a. A 2011, harabar mishan ɗin Katolika ta Duékoué ta ɗauki dubun-dubatar masu gudun rai. A Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, akwai Kiristocin da a gidajen maƙwabtansu Musulmi suka ɓuya. Ka duba gefenka kafin ka ce ba ka da kowa.

Sai maganar jira, wadda ta fi kowacce wuya. Ƙasar nan da muke zaune a cikinta, bishara ta bazu a bakin tekunta ne ta hannun wani fursuna. William Wadé Harris, ɗan ƙabilar Grebo daga Laberiya, an ɗaure shi bayan ya ɗaga tutar Ingila a 1909 don nuna adawa da gwamnatin ƙasarsa. Yana da shekara wajen hamsin, aikinsa na malanta ya tafi, sunansa ya ɓaci. A kurkukun ne, a 1910, ya ce mala'ika Jibra'ilu ya zo masa. A 1913 ya ƙetaro nan da ƙafa, ba takalmi, da farar riga, da sandar gicciye, da Littafi, da ƙwaryar baftisma. Ya bi ta Fresco da Grand-Lahou da Grand-Bassam har Axim ta ƙasar Gana, an kiyasta mutum sama da 100,000 ne suka karɓi baftisma. Turawan Faransa suka kore shi a 1915, ya mutu a 1929 a gida, matalauci. Abin da ya fi ba ni mamaki mutanen da ya bari ne. Ya ce musu masu koyar da Littafi za su zo. Suka gina majami'u da hannunsu, suna taruwa, da yawansu ba su iya karatu ba. Sai a 1924 wani ɗan mishan na Metodis, William Platt, ya iske su. Kusan shekara goma ke nan. Majami'un Harris masu fararen kaya da kuke gani a ƙauyukan Ebiriye, da Metodis na kudancin ƙasar nan, daga wannan jira suka tsiro.

Jira irin wannan ba ya sayuwa a kasuwar wa'azi. Lokacin da aka kwashe Yahudawa zuwa Babila, annabawa biyu suka yi magana. Hananiya ya ce cikin shekara biyu komai zai dawo. Irmiya ya ce saba'in, ya kuma aika wa 'yan bauta wasiƙa cewa su gina gidaje, su shuka lambuna, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da suke baƙunci a ciki. Kun san wanda jama'a suka fi so su ji, kun kuma san wanda maganarsa ta tabbata. Duk allon da ka gani a bakin titi yana yi maka alkawarin ƙarshen wahala cikin dare uku, ka tuna Hananiya. Begen Kirista bai ce kasuwa za ta dawo kamar zamanin kuɗin koko da kofi ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne Almasihu ya mutu, an binne shi, ya tashi, kuma waɗanda suka yi barci cikinsa za su tashi. Tsakanin Juma'ar gicciye da Lahadin tashi akwai Asabar, ranar da almajirai suka zauna ba su san komai ba. Waɗanda suke nan a 2011 sun ɗanɗana ta. Azumin Ista ya fara ranar 9 ga Maris, ana harbi, bankuna a rufe. Faɗan tsakiyar birni ya lafa ranar 11 ga Afrilu, Ista ta faɗo 24 ga wata, ana sauran jin bindiga a Yopougon. Mutane suka fito sujada suna ƙirga kujerun da ba kowa a kai, suka kuma yi waƙar tashin matattu a hakan.

(Gajeren kiɗa)

Kafin lokaci ya ƙure mana, ga aikin da ya rage wa ikilisiya, don zumunta a ƙafa take. Makon farko gida cike yake, har a rasa wurin ajiye kwanon abinci. Wata na biyu ne ba kowa. Dattawa, ku raba kwanaki a tsakaninku, wani ya leƙa ran Talata, wata ran Asabar, har shekara ta zagayo. In kun je ba sai kun yi wa'azi ba. Ku ambaci sunan marigayin, ku ba da labarinsa, har da na ban dariya. Masu makoki ba sa tsoron jin sunan, tsoronsu a manta da shi.

Ku san ranar biyan haya. Ku san cewa Satumba watan komawa makaranta ne, a nan ne gwauruwa take yanke shawarar cire yarinya daga aji ta ɗora mata tire. In kuna da asusun jana'iza, ku ware kaso na bayan jana'iza, kada duka ya ƙare a rumfa da kujeru. A karɓo takardar shaidar mutuwa daga ma'aikatar magajin gari tun da wuri, a adana takardun haihuwar yara, a rubuta bashin da ake bin marigayi da wanda yake bi, gaban shaidu, kafin dangi su iso daga gida a fara ja-in-ja a kan shago. Wanda kuma ya yi makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, ko ya fara cewa gara ya bi marigayi, kada a tsaya ga addu'a kaɗai. A yi addu'ar, a kuma kama hannunsa a kai shi wurin likita a ranar.

Ranaku biyu ne nake so ku sa wa ido. Ranar 1 ga Nuwamba hutu ce a ƙasar nan, iyalai suna cika Williamsville da tsintsiya da furanni suna gyara kaburbura. Wanda kabarin uwarsa yake Tsibiri ba shi da inda zai share. Sai kuma Ista, lokacin Paquinou, da tashar Adjamé take cika maƙil da Baule masu tafiya ƙauye, unguwa ta yi tsit, baƙo ya rage shi kaɗai a tsakar gida. A waɗannan ranaku ku dafa tuwo da miyar kuka, ku aika yaro ya kira shi, ku ɗauko Littafin Waƙoƙi ku rera da Hausa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki maganar gādo: abin da dokar Kwaddibuwa ta tanada wa matar aure da 'ya'ya, da bambancin auren da aka ɗaura a ma'aikatar magajin gari da wanda aka tsaya a majami'a ko gaban dangi kawai. Maza, ku zo da kunnuwanku, maganar taku ce.

(Kiɗan rufe shiri)